Maman Glory, Wadda Ta Hana Mu Cewa “Lafiya Lau”

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci. Ranar Talata 14 ga watan Oktoba, 2025, da hantsi, ina zaune a barandar gidanmu a Greenbelt wayata ta yi ƙara. Glory ce, babbar 'yar Martina Kambai. Tun da na san yarinyar nan ban taɓa jin ta haɗa magana guda da Hausa ba, sai ga shi ta ce, “Baba, Mama ta tafi.” Sauran bayanin da Turanci ta yi shi. Jinin Martina ne ya hau, ta yanke jiki ta faɗi a wurin aiki ranar Asabar, ta kwana uku a asibiti ba ta farfaɗo ba. Shekararta hamsin da takwas a duniya.

Maman Glory, ni na haura saba'in da shida. A tsarin da na yi a raina, ke ce za ki zo yi wa matata Hajiya Kaltum gaisuwar rasuwata, ki shige kicin ba tare da an ce ki shiga ba, ki riƙa ba mutane umarni. To, ba a nemi shawarata ba.

Saboda waɗanda ba su san ta ba: Martina mutuniyar Zonkwa ce a kudancin Kaduna. Nas ce, kuma shekara ashirin da biyu ta yi tana zagaya gidajen da ake kula da baligai masu lalurar ƙwaƙwalwa irin wadda ake tasowa da ita tun ƙuruciya. A Gaithersburg take zaune da maigidanta da 'ya'yansu biyu. Ni kuwa tsohon ma'aikacin rediyo ne da ya zo nan Amurka a 1998, kuma uban Haula. Haula ce 'yarmu ta fari. Yau shekararta talatin da huɗu. Tana gaida kowa, tana son zoɓo, tana tuna ranar haihuwar kowane maƙwabci, amma ba ta iya tsallaka titi ita kaɗai ba, kuma tana da farfaɗiya. Ita kaɗai ce cikin 'ya'yana ba ta yar da Hausa ba, don ita ce ta fi zama kusa da uwarta.

A ƙasar nan makaranta tana riƙe irin su Haula har su kai ashirin da ɗaya. Daga nan motar makaranta ta daina tsayawa a ƙofar gida, shi ke nan. A shekarar da Haula ta gama, an aiko mana da takardu don mu nemi tallafin jiha. Na duba su, na tura su cikin aljihun tebur, na ce wa Hajiya 'yata ba marainiya ba ce da gwamnati za ta riƙe mini. Shekara biyu Haula tana zaune a falo tana kallon taga. Sai da gwiwoyin Hajiya suka fara ƙin hawa bene, nawa bayan ma ya fara magana, sannan na zaro takardun na cika. Aka ce za a turo jami'a ta zo ta ga halin da muke ciki.

A nan ne muka yi kuskuren da sai mu za mu yi shi.

An ce baƙuwa za ta zo, baƙuwar ma daga gwamnati. Kwana biyu Hajiya tana goge-goge. Aka yi dambun nama, aka dafa shinkafa da miyar kaji, aka sa zoɓo a firij. Aka yi wa Haula lalle, aka sa mata atamfar Sallah. Ni kuma na ɗauki sandar da nake dogarawa na ɓoye ta a bayan labule. Matar ta zo, mai fara'a, ta buɗe kwamfutarta ta fara tambaya. Haula tana iya wanka da kanta? Na ce sosai. Ban yi ƙarya ba a ganina, tana iyawa, idan an haɗa mata ruwan, an tsaya a bakin ƙofa ana cewa yanzu sabulu, yanzu ɗauraye. Ta taɓa fita ta ɓata? Na ce Allah Ya kiyaye. Ai kuwa Ya kiyaye, tunda 'yan sanda sun dawo mana da ita daga tashar jirgin ƙasa ta Metro sau biyu. Kuna gajiya? Na dubi matar nan da mamaki. Wane uba ne zai buɗe baki gaban baƙuwa ya ce ya gaji da 'yarsa? Na ce lafiya lau muke, mun gode Allah. Idan wani abu ya same ku, akwai mai riƙe ta? Na ce dangi gare mu kamar me. Ban dai ce a Gumel suke ba.

Ta ci dambu, ta yaba, aka ƙulla mata wani ta kai wa mijinta. Bayan mako shida takarda ta zo. Haula ta cancanci tallafi, amma babu gaggawa a lamarinta, don haka an sa ta a can ƙarshen layin jira. Layin kuwa dubban mutane ne, wasu sun shekara goma a kai. Na yi fushi ƙwarai. Har na fara tsara sharhi a kaina kan yadda ake wulaƙanta baƙi a Amurka.

Bayan shekara guda muka haɗu da ke, a wani kantin kayan abincin Afirka da ke Hyattsville. Haula ta ga na biya kuɗi ban saya mata ƙuli-ƙuli ba, ta zauna daɓas a ƙasa tsakanin buhunan shinkafa ta ce ba inda za ta. Mutane suna ratse mu, ni kuma ina ta ba su haƙuri ina cewa yau ne kawai ba ta jin daɗi. Sai ga wata mata cikin kayan nas ta ajiye kwandonta, ta zauna a ƙasan nan kusa da ita, ta ce da Hausa, “Ke kuma wace ce mai kyakkyawan ɗankwali haka?” Ashe ke ce, kin ji ina lallashinta da Hausa. Kuka zauna kuna hira kusan minti goma kamar a tabarmar tsakar gida, sannan kuka miƙe tare. A bakin mota kika tambaye ni wa ke taimaka mana da ita. Na ce Allah. Kika ce, “Na sani, Baba. Bayan Shi fa?”

Asabar ɗin da ta biyo kika zo gida da kwanon gwate. Na miƙa miki takardar nan ina jiran ki taya ni zagin gwamnati. Kika karanta ta har ƙarshe, kika cire tabarau.

“Baba, me kuka faɗa wa matar?”

Na ba ki labari duka, har da dambun, ina ɗan alfahari.

“Kai, Baba! Neman auren Haula ta zo yi?”

Kika ajiye takardar, kika ci gaba.

“Ba surukarku ba ce. Abin da kuka faɗa shi ta rubuta, abin da ta rubuta shi ne gaskiya a wurinsu. Kun ce lafiya lau, ta rubuta lafiya lau, aka kai taimakon gidan da suka ce ba lafiya. Laifinta ne?”

Shekara talatin ina yi wa ministoci tambaya a rediyo ina kama su da baki biyu, ban taɓa jin an kama ni haka ba.

Kika ce za a nemi a sake dubawa, amma da sharaɗi. Kika ajiye littafin rubutu irin na 'yan makaranta a kan tebur, kika ce kwana talatin za mu riƙa rubuta duk abin da muka yi wa Haula da hannunmu, da duk abin da ya faru, ba ragi. Kika ƙara da cewa, “Ba kuma ƙari. Ban ce ku yi ƙarya ko ta ƙwayar gero ba. Gaskiyar kaɗai ta isa.”

Ni na yarda, don dai na riga na sha kunya. Hajiya ce ta ƙi. Hajiya mutuniyar da ce. Saboda kunyar 'yar fari, tun da ta haifi Haula ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce “mutuniyar” ko “'yar gidan nan”. Ta ce, “Ni zan zauna in jera wa bare aibin abin da na haifa? Asirin da Allah Ya rufa ni zan tona?” Ta tashi ta shige kicin. Kika bi ta.

Daga falo nake jin ku. A ranar na fara jin sunan Edna, ƙanwarki mai lalura irin ta Haula. Kika ce a gidanku na Zonkwa, da zarar an ji sallamar baƙo sai a ja Edna zuwa ɗakin baya a turo ƙofa. Faston da ya shekara goma yana cin tuwo a gidanku bai san da ita ba sai ranar da aka kira shi ya binne ta. Kika ce, “Mama, ba ƙin ta muke yi ba. Mun fi son ta a kan kowa. Rufa mata asiri muke yi. Muka yi ta rufawa har ta mutu da ciwon da ake sayar da maganinsa a Kafanchan.” Da yamma Hajiya ta ɗauko littafin ta ajiye a gabana ta ce, “Rubuta. Ni zan faɗa.”

Ranar da jami'a ta biyu za ta zo, kika kafa doka: ba girki, ba lalle, ruwa kawai za a ba ta. Ina jin wannan ya fi komai yi wa Hajiya ciwo. Har yau idan ta tuna sai ta ce baiwar Allah nan ta fita daga gidanmu da yunwa. Ni kuma kika ce in riƙe sandata a hannu inda kowa zai gan ta. Da aka zo tambayar gajiya, na buɗe baki, lafiya lau ɗin nan ta taso har maƙogwaro, kika kalle ni ta saman tabarau, na haɗiye ta. Sai Hajiya ta yi magana, kina fassarawa. Ta ce, “Haula 'yata ce.” Na juya na dube ta. Shekara ashirin da biyar, ranar na fara jin sunan a bakinta. Ta ce, “Tun da na haife ta ban shiga wanka na kulle ƙofa ba. Idan ta faɗi, da nakan ɗaga ta. Yanzu sai dai in zauna kusa da ita a ƙasa mu jira wani ya shigo. Na gaji. Ba da ita na gaji ba, jikina ne ya ƙare. Kuma idan muka mutu ban san inda za ta ba.” Muryarki ta karye a tsakiyar fassarar, amma ba ki rage ko kalma ɗaya ba.

Aka matsar da Haula gaba a layi. Duk da haka sai da muka ƙara wata goma sha huɗu. Kowace Litinin, a lokacin hutunki na cin abinci, kina buga waya ofishin nan kina tambaya, har ma'aikatan suka san muryarki. Da tallafin ya fito, aka ba mu mai taimako, Selina, wata 'yar Saliyo mai haƙurin gaske. Mota ta koma tsayawa a ƙofarmu da ƙarfe takwas da minti goma, tana kai Haula wani lambun furanni inda take jera tukwane tana ba su ruwa. Hajiya ta samu aka yi mata aikin gwiwa.

Na taɓa ce miki har yanzu abin yana yi mini kama da bara. Kika ce, “Baba, shekara nawa ana yankar haraji a albashinka? Titin Beltway da kake hawa kullum, ka taɓa jin kunyar hawansa? To wannan ma titi ne, na su Haula.” Tun daga ranar ban sake faɗa ba.

Ba gidanmu kaɗai ba ne. Na san gida tara da kika shiga da irin littafin nan: 'yan Jos, 'yan Damagaram, 'yan Kumasi, har da wani Bahabashe da ba ku da yare guda. Duk inda kika ji an ce wance tana da yaro amma ba a fita da shi, sai kin san dalilin da zai kai ki gidan da kwano a hannu. Wasu sun rufe miki ƙofa. Wata ta ce miki munafuka a gaban mutane bayan an tashi daga coci. Bayan shekara biyu ke kika raka ta ofishin.

Kuma ke kika koya mana cewa abin da aka bayar bana ana iya rage shi baɗi. Duk shekarar da aljihun jiha ya yi sauƙi, wurin su Haula ake fara dubawa, masu taimako irin su Selina kuma su gudu zuwa manyan kantuna inda albashi ya fi. Saboda haka kowane Fabrairu sai kin cika motar cocinku da mu, masu hula da masu sarƙar gicciye, mu tafi majalisar jiha a Annapolis. A can minti biyu ake ba kowa ya yi magana. Minti biyu! Kika zo gida da agogon dafa ƙwai don ki gwada ni. Na gyara murya na fara gaida shugaban kwamiti da mataimakinsa da sauran manyan baƙi, ina tambayar gajiyarsu da iyalansu, agogo ya yi ƙara ban kai ga sunan Haula ba. Kika ce, “Baba, ka gaishe su a zuci.” Sai da muka yi gwaji bakwai.

Ba zan ce ba ki da aibi ba, don kin hana ni irin wannan. Bakinki yana da kaifi. Ba ki taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba. Tuƙinki kuwa, duk wanda ya shiga motarki kina rera waƙoƙin coci kina sauya layi ba sigina, ya tuna da Ubangijinsa ko wane addini yake bi. Mun kuma yi faɗa na gaske bara, da kika kawo maganar wani gida a Beltsville inda mata biyu masu irin lalurar Haula suke zaune da masu kula da su, kuma akwai ɗaki guda babu kowa. Kika ce gara ta fara koyon kwana a can muna raye, tana dawowa tana ba mu labari, da a kwashe ta rana ɗaya daga wurin makoki a kai ta cikin baƙi. Na ce kin wuce gona da iri. Wata biyu ban ɗauki wayarki ba. Ba ki yi fushi ba, ba ki kuma janye ba. Asabar ta farkon kowane wata kina zuwa kamar yadda kika saba, ki gaida Hajiya, ki yi hira da Haula, ki ce a gaida Baba, alhali kina ganin takalmana a bakin ƙofa. Daga ƙarshe ni na sauko. Tun watan Maris Haula take kwana biyu a mako a gidan na Beltsville.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ya faru bayanki, don na san da kin tambaya.

Da labarin ya zo, Hajiya ta ce kada a gaya wa Haula, ba za ta iya ɗauka ba, a ce kin yi tafiya gida. Na ce to. Muka je Gaithersburg gaisuwa muka ce mata asibiti za mu. Aka yi jana'izarki muka ce mata taro ne. Kwana goma sha takwas muna haka, ni da na sha karatu a hannunki.

Sai Asabar ta farkon Nuwamba ta zo. Tun da safe Haula ta yi wanka ta sa takalmi, ta ja kujera bakin taga. Azahar ta yi, ta ƙi cin abinci, ta ce Anti Martina ba ta son a fara ba ita. Na ce ai ta yi tafiya. Ta ce, “Ba ta yi mini sallama ba. Anti tana sallama.” La'asar ta yi tana nan zaune. Na idar da salla, na daɗe a kan darduma, sannan na jawo kujera kusa da ita.

“Haula, Anti Martina ba tafiya ta yi ba. Ta rasu.”

“Kamar Kaka?”

“Kamar Kaka.”

“Ba za ta zo ba?”

“Ba za ta zo ba.”

Ta yi kuka irin wanda ban taɓa jin ta yi ba. Ta bugi tebur, kofi ya faɗi ya fashe. Hajiya ta riƙe ta, ni na riƙe Hajiya. Muka yi kusan awa guda a haka. Da ta lafa, ta share fuska da gefen ɗankwali, ta ƙura mini ido.

“Baba, kai ma tsoho ne.”

“Tsoho ne ni.”

“Za ka rasu?”

Hajiya tana girgiza mini kai ta bayanta. Na ce, “Zan rasu, ranar da Allah Ya so. Umma ma haka.”

“To wa zai zauna da ni?”

Maman Glory, shekara talatin da huɗu ina tsoron wannan tambaya, ban taɓa zaton daga bakinta za ta fito ba. Na ce mata akwai ɗakinta a Beltsville, da ƙawayenta biyu, da masu kula da su dare da rana. Na ce Selina tana nan. Na ce motar lambu za ta je can ta ɗauke ta. Na ce ƙaninta Sabo zai riƙa zuwa daga Alexandria, nan kusa da mu, kowace Lahadi, ya riga ya sa hannu a takarda. Tana bi tana lanƙwasa yatsu. Ta ce, “Sake faɗa.” Na sake. Ta ce in sake, na sake. Sannan ta sunkuya ta cire takalmanta, ta ce tana jin yunwa.

Duk abin da na lissafa mata a ranar, babu guda da ba ke kika kafa shi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Hajiya Kaltum, da ta Haula, ga maigidanki Mista Kambai, wanda ya yi shekaru yana cin abincin da ya huce saboda kina gidan wasu. Ina yi wa Glory da Clinton gaisuwa. Uwarku ta raba lokacinku da 'ya'yan mutane, ba ku taɓa yi mana fuska ba, Allah Ya yi muku albarka. Ina gaida 'yan'uwanki na Zonkwa, da jama'ar cocinku, da abokan aikinki, da mutanen gidajen da kike dubawa, waɗanda wasunsu ba su da bakin faɗar rashin da suka yi.

Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Allah Ya dubi bayanki kamar yadda kika dubi bayan wasu. Shi Ya san abin da kika yi fiye da yadda na sani, Shi ne kuma Mai rahama. Ya jiƙan ki, Martina, Ya yafe miki kurakuranki, Ya saka miki da alheri. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Mustafa Gumel
Greenbelt, Maryland